Jimi Hendrix (1942–1970): Rayuwa da Salon Kiɗan Bahagon Makaɗin Jita

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar James Marshall Hendrix, wanda duniya ta fi sani da Jimi Hendrix, makaɗin jita ɗan ƙasar Amurka da ya rayu daga 1942 zuwa 1970. An duba asalinsa da tasowarsa, da shekarun da ya yi yana barantaka a ƙarƙashin wasu mawaƙa, da tafiyarsa Ingila, da kuma shekaru huɗun da ya yi yana tashe. Daga nan aka ƙalailaice salon kiɗansa ta fuskar riƙon jita, da sarrafa na'urori, da tushen kiɗan, da aikin ɗakin naɗar sauti. Maƙalar ta nuna cewa wasan burge jama'a da ya fito da sunansa shi ne kuma ya zame masa ƙarfen ƙafa, har ya so ya rufe ainihin gudummawar da ya bayar a fagen kiɗa.

Fitilun kalmomi: Jimi Hendrix, jitar lantarki, kiɗan rok, kiɗan buluz, salo.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci Jimi Hendrix, hoton da ya fi saurin zuwa zukatan mutane shi ne na wani saurayi mai tarin suma, durƙushe a kan dandamali, ya cinna wa jitarsa wuta. Wannan hoto gaskiya ne, amma bai kai ya wakilci mutumin ba. Sau ƙalilan ya ƙone jita a bainar jama'a, alhali kuwa ya shafe kusan shekaru goma sha biyu jita ba ta rabuwa da hannunsa, har ma yakan kwana da ita. Tasirinsa ya zo ne daga abin da ya sa jitar lantarki ta iya furtawa. Kafin zuwansa akasarin makaɗa suna ɗaukar lantarki a matsayin hanyar ƙara wa jita ƙarfin murya kawai. Shi kuwa ya ɗauki jitar da wayoyinta da na'urar ƙara sauti da lasifikoki a matsayin abin kiɗa guda ɗaya, kowane sashe da aikinsa.

Abin lura kuma shi ne gajartar lokacin. Daga ranar da ya sauka a Landan ba wanda ya san shi zuwa ranar da ya mutu a birnin, shekaru huɗu ne ba 'yan kwanaki. A cikinsu ya fitar da kundayen waƙoƙi huɗu kacal. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ɗan talakawa da bai gama sakandare ba, bai kuma iya karanta rubutun kiɗa ba, ya kai ga wannan matsayi.

2.0 Asali da Ƙuruciya

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a birnin Seattle na jihar Washinton, a arewa maso yammacin Amurka. Mahaifiyarsa, Lucille Jeter, ta raɗa masa suna Johnny Allen, domin a lokacin mahaifinsa, James Allen Hendrix, wanda ake kira Al, yana aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ba a kuma ba shi izinin zuwa ganin jaririn ba. Sai bayan da aka sallame shi a 1945 ya yi ido biyu da ɗansa, a 1946 kuma ya canza masa suna zuwa James Marshall. Kakarsa ta wajen uba, Nora Hendrix, 'yar rawa ce a ƙungiyoyin wasan yawo kafin ta zauna a Vancouver ta ƙasar Kanada, inda yaron yakan je ya kwana biyu a wurinta.

Gidan da ya tashi a ciki ba shi da kwanciyar hankali. Talauci da shan giya da yawan faɗa tsakanin iyayen suka sa iyalin yawan ƙaura daga wannan ɗakin haya zuwa wancan. Wasu daga cikin ƙannensa an miƙa su ga masu riƙo. Auren ya mutu a 1951, kotu ta bar wa uban James da ƙaninsa Leon. A watan Fabrairun 1958 mahaifiyar ta mutu tana da ƙuruciyarta, uban kuma bai kai yaran wurin jana'izarta ba. Waɗanda suka san shi a wannan lokaci sun bayyana shi a matsayin yaro mai tsananin kunya da ƙarancin magana, halin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, duk da irin rawar kan da yake nunawa a dandamali.

Tun yana makarantar firamare aka lura da shi yana yawo da tsintsiya mai dogon kota yana kaɗa ta kamar jita. A 1957, yana taya mahaifinsa kwashe tarkace a wani gida, ya tsinci ƙaramar jitar nan da ake kira ukulele, mai tsirkiya ɗaya tak. Da ita ya fara bin waƙoƙin da yake ji a rediyo. A 1958 ya samu jitar katako ta dala 5, a 1959 kuma mahaifinsa ya saya masa jitar lantarki ta farko, ƙirar Supro Ozark. Malamansa su ne fayafayan makaɗan buluz irin su Muddy Waters da B.B. King da Howlin' Wolf da Elmore James. Da kunne ya koya, yana saurare yana maimaitawa. Ya yi wasa da ƙananan ƙungiyoyin unguwa, ciki har da Rocking Kings, ya kuma bar makarantar sakandare ta Garfield ba tare da ya kammala ba.

3.0 Aikin Soja da Shekarun Barantaka

Sau biyu 'yan sanda suka kama shi a cikin motar sata, aka ba shi zaɓi tsakanin gidan yari da aikin soja. Ya shiga soja ranar 31 ga Mayu, 1961, aka tura shi runduna ta 101 ta masu dirowa da laima a barikin Fort Campbell da ke Kentucky. Soja bai karɓe shi ba, domin hankalinsa yana kan jita, aka sallame shi a ƙarshen watan Yunin 1962. Babbar ribar da ya samu a bariki ita ce haɗuwarsa da Billy Cox, wani soja mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin murya. Abotarsu ta ɗore har mutuwa ta raba.

Bayan sallama suka kafa ƙungiyar King Kasuals a jihar Tennessee, suna wasa a gidajen rawa na titin Jefferson a birnin Nashville. Daga nan ya shiga abin da ake kira zagayen Chitlin, wato jerin gidajen rawa da na wasa na baƙar fata a kudanci da gabashin Amurka, waɗanda suka wanzu saboda dokokin wariyar launin fata. A wannan zagaye mai sauraro ba ya yi wa makaɗi kara. Wanda bai motsa jama'a ba, yunwa za ta kore shi. A nan ya ƙware a kaɗa jita da haƙora da kaɗa ta a bayan wuya, dabarun da tsofaffin makaɗa irin su T-Bone Walker suka daɗe da yin irinsu.

A farkon 1964 ya koma unguwar Harlem a Niyok, ya ci gasar sababbin makaɗa a gidan wasa na Apollo. Ya yi wa ƙungiyar Isley Brothers kiɗa, sannan Little Richard, sannan Curtis Knight da King Curtis. Aikin bara a irin waɗannan ƙungiyoyi a bayyane yake: ya sa kaya iri ɗaya da sauran, ya tsaya a baya, ya riƙe kiɗa, kada ya janye idon jama'a daga maigida. Hendrix ya kasa jure wannan. Saɓani a kan makara da sutura da yawan wasa ya sa aka kore shi daga ƙungiyar Little Richard a 1965. Duk da haka, waɗannan shekaru su ne makarantarsa ta gaskiya, domin a cikinsu ya laƙanci yadda ake riƙe amon rawa ba tare da tangarɗa ba.

A watan Oktoban 1965, cikin halin babu, ya sa hannu a wata yarjejeniya ta shekara uku da wani ɗan kasuwar fayafayai mai suna Ed Chalpin, a kan dala 1 da kashi ɗaya cikin ɗari na ribar abin da aka naɗa. Wannan takarda ta bi shi da shari'a har ƙarshen ransa.

4.0 Landan da Kafa Ƙungiyar Experience

A 1966 ya bar Harlem ya koma unguwar Greenwich Village, inda ya kafa tasa ƙungiyar, Jimmy James and the Blue Flames, suna wasa a wani ƙaramin gidan shaƙatawa mai suna Cafe Wha?. A wannan lokaci ya shaƙu da waƙoƙin Bob Dylan, waɗanda suka nuna masa cewa mutum zai iya rera waƙarsa ko da ba shi da zaƙin murya, muddin yana da abin faɗa. Wata 'yar Ingila mai suna Linda Keith ta ga wasansa, ta haɗa shi da Chas Chandler, mai kaɗa bes a ƙungiyar Animals, wanda yake shirin barin kiɗa ya koma kula da makaɗa. Chandler ya kai shi Landan ranar 24 ga Satumba, 1966, shi ne kuma ya sauya rubutun sunansa zuwa Jimi. Michael Jeffery ya zama abokin Chandler a kula da harkokin kuɗi.

Zuwansa ya dace da lokaci. Samarin Ingila irin su Eric Clapton da Jeff Beck da Pete Townshend sun tashi suna koyon kiɗan baƙar fatar Amurka daga fayafayai, sai ga wanda ya taso a cikin gidan kiɗan ya iso gabansu. Ranar 1 ga Oktoba, mako guda da saukarsa, ya hau dandamali tare da ƙungiyar Cream ta su Clapton, ya kaɗa wata waƙar Howlin' Wolf da saurin da ya girgiza duk wanda ke wurin. Labari ya bazu cikin makaɗan birnin kafin a fitar da faifansa ko ɗaya.

Aka ɗauko masa abokan aiki biyu, dukansu Turawan Ingila. Noel Redding makaɗin jita ne da aka miƙa wa bes. Mitch Mitchell kuwa makaɗin ganguna ne da ya sha kiɗan jaz, wanda hannunsa ke amsa wa jitar Hendrix kamar masu zance. Aka sa wa ƙungiyar suna Jimi Hendrix Experience, ta fara wasa a Faransa a tsakiyar Oktoba. Faifansu na farko, "Hey Joe", ya fito a Disamban 1966 ya kai mataki na 6 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya. "Purple Haze" ya biyo baya ya kai na 3, sannan "The Wind Cries Mary". Kundinsu na farko, Are You Experienced, ya fito ranar 12 ga Mayu, 1967, ya kai mataki na 2. Kundin Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles ne kaɗai ya sha gabansa.

5.0 Komawa Gida da Ganiyar Shahara

Har zuwa wannan lokaci ƙasarsa ba ta san shi ba. Paul McCartney ne ya ba masu shirya bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya shawarar su gayyace shi. Ranar 18 ga Yuni, 1967, ya hau dandamalin jim kaɗan bayan ƙungiyar Who, wadda ta shahara da farfasa kayan kiɗa. Ya rufe wasansa da zuba wa jitarsa man fetur na ƙyastu, ya cinna mata wuta, ya rotsa ta. Ya riga ya yi irin haka a Landan a watan Maris, amma na Monterey ne aka ɗauka a fim, shi ya zagaya duniya. Dare ɗaya ya zama tauraro a Amurka, kuma daga wannan dare jama'a suka riƙa zuwa wasansa da tsammanin ganin wuta.

Kundi na biyu, Axis: Bold as Love, ya fito a Disamban 1967. A nan laushin hannunsa ya fi bayyana, musamman a waƙar "Little Wing". Na uku, Electric Ladyland, mai faifai biyu, ya fito a Oktoban 1968, shi ne kuma kaɗai kundinsa da ya kai mataki na ɗaya a Amurka. A lokacin naɗarsa ne Chandler ya janye, saboda ya gaji da yadda Hendrix ke maimaita waƙa ɗaya fiye da sau arba'in da kuma yadda ɗakin naɗar sauti ke cika da 'yan rakiya. Tafiyar Chandler ta raba shi da mutum ɗaya da ke iya ce masa ya isa haka. A cikin wannan kundi ne ya sake fasalin waƙar Bob Dylan, "All Along the Watchtower", har shi kansa Dylan ya koma rera ta kusa da yadda Hendrix ya tsara ta.

6.0 Salon Kiɗansa

6.1 Riƙon Jita

Hendrix bahago ne. Maimakon ya nemi jitar da aka ƙera domin bahagwai, yakan ɗauki Fender Stratocaster ta masu amfani da dama, ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Wannan ya haifar da sauyi a sauti. A jikin wannan jita akwai maganaɗisu uku masu ɗaukar motsin tsirkiya su mai da shi lantarki, na ƙarshensu kuma a karkace aka dasa shi. Da aka kifa jitar, karkatar ta juya, sai tsirkiyoyi masu kauri suka ƙara kaifi, sirara kuma suka rage tsini. Haka nan maɓallan ƙara murya da sandar lanƙwasa sauti suka dawo sama, kusa da hannunsa.

Yana da manyan hannuwa. Yakan zagayo da babban yatsansa ta saman wuyan jita ya danne tsirkiya mafi kauri, abin da malaman jita na gargajiyar Turai ke hanawa. Da haka sauran yatsu huɗu suka samu 'yancin yin ado a sama, yayin da babban yatsa ke riƙe gindin kiɗa. Sakamakon haka shi ne rushewar iyakar da ke tsakanin mai riƙe kiɗa da mai jan gaba, ayyukan da a ƙungiyoyi da yawa makaɗa biyu ke rabawa. Wannan ne ya sa ƙungiyar mutum uku take cika kunne kamar ta mutum biyar. Daga kundinsa na biyu kuma ya riƙa sassauta tsirkiyoyinsa da rabin mataki, abin da ya sauƙaƙa masa lanƙwasa su, ya kuma dace da muryarsa.

6.2 Sarrafa Na'urori

Idan aka ƙure muryar na'urar ƙara sauti, sannan aka kusanto da jita gaban lasifika, sautin da ke fitowa yakan koma ya girgiza tsirkiya, tsirkiyar ta sake aika shi, ya yi ta kewayawa har ya zama ƙugi. Masu aikin sauti suna ɗaukar wannan a matsayin aibi. Wasu makaɗa sun taɓa gwada shi kafin Hendrix, amma shi ne ya hore shi. Ta hanyar matsawa gaba ko baya da juya jikin jita, yakan zaɓi amon da zai yi ƙugin, ya ja shi tsawon yadda yake so, ya sauke shi da sandar lanƙwasa sauti. Manyan na'urorin Marshall masu ƙarfin wat 100, waɗanda yake jerawa a bayansa, su suka ba shi wannan dama.

A ƙasa kuma yana da ƙananan akwatuna da ake takawa da ƙafa. Fuzz Face yana daƙusa sauti ya sa shi kaushi. Wawa, wanda sunansa kwaikwayon kukansa ne, yana buɗe sauti ya rufe kamar bakin mai magana, kuma mabuɗin waƙar "Voodoo Child (Slight Return)" shi ne fitaccen misalinsa. Octavia, wanda wani injiniya ɗan Ingila mai suna Roger Mayer ya ƙera, yana ɗora wa kowane amo ɗan'uwansa mai siririyar murya, ana jin sa a tsakiyar "Purple Haze". Uni-Vibe, ƙirar Japan, yana sa sauti ya riƙa kaɗawa kamar igiyar ruwa. Duk waɗannan na'urori kowa na iya saye. Bambancin yana ga sanin inda za a sa kowanne da inda za a ɗaga ƙafa.

6.3 Tushen Buluz

Duk wannan ƙara tana zaune ne a kan tsohon harsashi. Waƙar "Red House" buluz ce tsantsa, mai bin tsarin da makaɗan kudancin Amurka suka gada, "Voodoo Chile" kuma, mai tsawon kusan minti 15, ta fito ne daga gidan Muddy Waters. Yadda yake jan tsirkiya har amo ya tsaya tsakanin mataki da mataki, da yadda jita ke amsa wa murya kamar ɗan amshi, duk gadon buluz ne. Adon da yake yi a waƙoƙi masu sanyi kuwa ya samo shi daga Curtis Mayfield. Akwai wani haɗin amo da ya yawaita amfani da shi har makaɗa suka laƙaba masa sunansa. A cikinsa ana tara amo biyu da ƙa'idar kiɗan Turai ke ɗauka kishiyoyi, ɗaya mai nuna fara'a, ɗaya mai nuna ɗaci. Makaɗan jaz sun san wannan haɗi tun da daɗewa, amma shi ya kawo shi tsakiyar kiɗan rok.

6.4 Ɗakin Naɗar Sauti

Tare da injiniyansa, Eddie Kramer, ya mai da ɗakin naɗar sauti wurin ƙirƙira. Sukan naɗi jita su juya zaren ya karanto daga ƙarshe zuwa farko, sukan sa sauti ya yi yawo daga lasifikar hagu zuwa ta dama, sukan ɗora jita a kan jita. Da yake bai iya rubutun kiɗa ba, yakan bayyana abin da yake so ta hanyar ambaton launuka ko motsin ruwa da iska, injiniya ya nemo yadda za a yi. Kalmomin waƙoƙinsa ma sun karkata ga mafarki da sararin samaniya da teku da kaɗaici, domin mai son karanta ƙagaggun labaran kimiyya ne.

7.0 Woodstock da Band of Gypsys

Shekarar 1969 ta zo masa da nauyi. A watan Mayu aka kama shi a filin jirgin saman Toronto bisa zargin mallakar miyagun ƙwayoyi, shari'ar da ta rataya a wuyansa har Disamba, lokacin da kotu ta wanke shi. A ƙarshen Yuni Redding ya fice, ƙungiyar Experience ta watse. Ga kuma matsi ta fuskar launin fata. Akasarin masu sauraronsa Turawa ne, gidajen rediyon baƙar fata ba su cika sa waƙoƙinsa ba, wasu 'yan gwagwarmaya kuma suna ganin ya kamata ya fito fili ya tsaya tare da su. Wasan da ya yi a titin Harlem a watan Satumba bai samu kyakkyawar tarba ba.

A bikin Woodstock shi aka ajiye ya rufe taro. Ruwan sama da jinkiri suka sa bai hau dandamali ba sai safiyar Litinin, 18 ga Agusta, 1969, bayan akasarin mutane kusan 400,000 da suka taru sun watse. Ya zo da sabuwar ƙungiya ta mutum shida wadda ba ta gama haɗa kai ba. Duk da haka a nan ya yi abin da aka fi tunawa da shi. Ya kaɗa taken ƙasar Amurka da jita, yana tsinka shi da ƙarar da ta yi kama da faɗowar bama-bamai da shawagin jiragen yaƙi da kururuwa, ya kuma saka busar da ake yi a jana'izar soja. Ana tsakiyar yaƙin Biyetnam a lokacin. Wasu suka ɗauke shi a matsayin cin mutuncin ƙasa, wasu suka ɗauke shi a matsayin kukan ɗan ƙasa. Da aka tambaye shi a talabijin, ya nuna cewa shi kyau ya gani a abin.

Domin warware shari'ar Chalpin, aka amince ya ba shi kundi guda. Ya haɗu da Billy Cox da makaɗin ganguna Buddy Miles, dukansu baƙar fata, a ƙarƙashin sunan Band of Gypsys. Suka yi wasa huɗu a zauren Fillmore East na Niyok ranar 31 ga Disamba, 1969 da 1 ga Janairu, 1970. Kundin da aka yi domin biyan bashi sai ga shi ɗauke da "Machine Gun", waƙa ta sama da minti 12 a kan yaƙi, wadda masana da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar kiɗansa. An ruwaito cewa a lokacin da yake kaɗa ta, kusan a tsaye yake cik, babu rawa babu wasa da haƙora. Ƙungiyar ba ta yi nisan kwana ba, ta watse a ƙarshen Janairu.

8.0 Ƙarshen Rayuwa

Burinsa na ƙarshe shi ne mallakar ɗakin naɗar sauti nasa na kansa. Shi da Jeffery suka sayi wani gidan rawa a Greenwich Village suka mai da shi Electric Lady. Ginin ya ci kusan dala miliyan ɗaya, kuɗin kuma daga yawon wasa suke fitowa. Haka ya kasance tsakanin abu biyu: yana son ya zauna ya tsara sabon kiɗa, amma dole ya fita ya kaɗa tsofaffin waƙoƙin da suka gundure shi domin ya biya kuɗin wurin zaman. A 1970 ya yi ta zagaye tare da Cox da Mitchell, yana naɗar sababbin waƙoƙi a tsakanin tafiye-tafiye.

Aka yi bikin buɗe Electric Lady a ƙarshen Agusta, ya wuce Ingila domin bikin tsibirin Wight, bai sake komowa ba. Gajiya da rashin barci da shan ƙwayoyi sun riga sun bayyana a jikinsa. Babban wasansa na ƙarshe shi ne na tsibirin Fehmarn a Jamus ranar 6 ga Satumba. Ranar 18 ga Satumba, 1970, aka ɗauke shi daga wani masauki a unguwar Notting Hill ta Landan zuwa asibiti, inda aka tabbatar da mutuwarsa. Binciken likita ya nuna cewa amai ne ya shaƙe shi bayan ya sha maganin barci mai ƙarfi fiye da ƙima. Mai binciken musabbabin mutuwa bai sami hujjar cewa da gangan ya yi ba, don haka ya bar hukuncin a buɗe. Yana da shekara 27. An binne shi ranar 1 ga Oktoba a Renton, kusa da Seattle.

9.0 Gado da Tasiri

Bai bar wasiyya ba, ya bar tarin zaren sauti da ba a kammala ba. Shekaru da dama wasu suka yi ta fitar da su yadda suka ga dama, har da waɗanda aka goge kiɗan abokan aikinsa aka ɗora na wasu. Sai a 1995 mahaifinsa ya karɓo haƙƙin mallakar waƙoƙin bayan doguwar shari'a. A 1992 an shigar da ƙungiyar Experience zauren girmama fitattun makaɗan rok. A 1997 kuma aka liƙa allon tunawa a gidan da ya zauna a titin Brook na Landan, wanda ke maƙwabtaka da gidan da mawallafin kiɗa George Frideric Handel ya zauna a ƙarni na 18.

Tasirinsa ya rabu rassa. Makaɗan rok masu nauyin sauti sun ɗauki ƙarfin na'urorinsa. Stevie Ray Vaughan ya ɗauki buluz ɗinsa. Eddie Hazel na Funkadelic da Ernie Isley da Prince suka mayar da salonsa cikin kiɗan baƙar fata, inda a da aka yi masa kallon baƙo. Miles Davis, wanda ya halarci jana'izarsa, ya shigar da lantarki da na'urar wawa cikin jaz. Har a yankin Sahara an ji amonsa. Bombino, makaɗin jita na Abzinawa daga yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar, ya koyi wani ɓangare na fasaharsa ta kallon bidiyon Hendrix a lokacin da yake gudun hijira, masu sharhi kuma sukan kwatanta ɗan ƙasarsa Mdou Moctar, wanda shi ma bahago ne, da Hendrix.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi rayuwar Jimi Hendrix daga Seattle zuwa Landan, ta kuma fayyace ginshiƙan salonsa. An ga cewa abin da ya yi kama da saukar aradu a 1966 yana da tushe a shekarun da ya yi yana barantaka a gidajen rawar baƙar fata, inda ya koyi riƙon kiɗa da jan hankalin jama'a a lokaci guda. Jan hankalin ya buɗe masa ƙofa, daga baya ya tsare shi a bakinta, yarjejeniyoyi da bashi kuma suka hana shi hutun da zai kammala abin da ya faro a Electric Lady. Abin da ya bari a faifai ya isa ya nuna inda ya dosa. Mai nazarin da ke son sanin matsayinsa zai fi samun amsa a "Little Wing" da "Machine Gun" fiye da hoton jitar da ke ci da wuta a Monterey.